Wata Gonar Gado A Ƙasar Faransa

Cikin watan Oktoba na 2023, sa'ad da na ke birnin Dijon na ƙasar Faransa wajen wani kwas na aikin gona, sai wani abokin karatuna Bafaranshe ya ce lalle ran Asabar sai ya kai ni na ga gonar waɗansu mutanen kirki da ya sani, waɗanda ke noman inabi tun kaka da kakanni. Da fari na yi ɗan nawa, gama na san abin da a ke yi da inabin wannan ƙasa, watau giya, ni kuwa Musulmi ne, ba na shan ta. Na gaya masa haka ƙiri-ƙiri. Ya ce ba kome, ai gona zan gani da mutanenta, babu mai tilasta mini kurɓar abin da ban so. Na yarda muka tafi. Ban kuwa yi da-na-sani ba, domin na tarad da wani al'amari na gado da haraji wanda na ke tsammani malamai da akawuna za su so su ji shi.

Dijon tana kudu maso gabas da Paris, kamar mil 200, cikin lardin da a ke kira Bourgogne. In ka fita daga birnin ka miƙa kudu, sai ka ga wani dogon tudu a hannunka na dama, ya miƙe kusan mil 40, ya ba gabas fuska. A jikin gangarensa a ke shuka inabin. Faɗin wurin ba shi da yawa, wani wajen ma bai kai mil guda ba. Sama da shi daji ne, ƙasa da shi kuwa gonakin alkama. Sunan gangaren Côte d'Or, watau Gangaren Zinariya. Mun je an riga an gama kaka, ganye ya juye ya yi ɗorawa tun daga nan har iyakar ganin ido, ba sai an gaya wa baƙo dalilin sunan ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, babu wani yanki na gangaren nan da ba shi da suna da iyaka. An ƙidaya yankuna 1,247, kowanne an san inda ya fara da inda ya ƙare, waɗansu an kewaye su da katangar dutse. A 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya. Asalin aikin nan na waɗansu malaman Kirista ne masu zaman zuhudu, musamman na gidan Cîteaux wanda aka kafa a 1098. Su ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna noma wurin, suna lura da abin da kowane yanki ke bayarwa, har aka san ƙasar taki-taki.

MAIGIDA DA 'YARSA

Gidan da muka nufa yana wani ƙauye kusa da garin Beaune. Ba zan faɗi sunan masu shi ba, don sun gaya mini zancen cikin gidansu ne bisa amana. Gida ne na dutse mai tsakar gida, ba wani ƙawa, ga wata tarakta mai dogayen ƙafafu a rumfa, wadda aka ƙera don ta riƙa ratsa layin inabi ba ta taka shi ba. Maigidan dattijo ne, ya ba saba'in baya, hannuwansa duk kanta. Amma ba shi ke riƙe da ragamar gona yanzu ba, 'yarsa ce, mace mai kamar shekara arba'in, wadda ta yi karatun aikin gona. Ita ta tarye mu, tare da wani Bature Ingilishi da matarsa waɗanda su ma suka zo ziyara. Yana da waɗansu 'ya'ya biyu, namiji da mace, suna aikin albashi a birni. Mai karatu ya riƙe zancen waɗannan biyu, za mu komo kansu.

Ta ce gonarsu duka hekta takwas ce, watau kamar eka ashirin. Na ce to, a nuna mini ita. Sai ta yi dariya, ta ɗauko taswira. Ashe ba a wuri ɗaya ta ke ba, gutsi-gutsi ce fiye da ashirin, a warwatse cikin ƙauyuka biyar. Wani gutsuren ma layi goma sha biyu ne kawai, na dama da shi na wani ne, na hagun na wani. Ba shinge, ba alama sai turke. Kowa ya san nasa.

Dalilin haka yana cikin tarihi. Bayan babban juyin mulkin Faransa na 1789, gwamnati ta ƙwace gonakin gidajen zuhudu da na sarakunan da suka gudu, ta yi gwanjonsu. Sa'an nan a 1804 dokar Napoleon ta zo, ta ce 'ya'ya duka daidai su ke wajen gado, mace da namiji, babba da ƙarami, uba kuma ba shi da ikon hana ɗansa. Har yau in mutum yana da ɗa ɗaya, rabin dukiyarsa na ɗan ne dole; in biyu ne, kashi biyu cikin uku; in uku ne ko fiye, kashi uku cikin huɗu. To, a yi ta raba gona haka har zuriya shida ko bakwai, aure kuma yana kawo wani gutsure daga wancan gida, ka ga abin da zai fito. Akwai wata shahararriyar gona da a ke kira Clos de Vougeot, hekta 50 cikin katanga guda. Tana hannu ɗaya har 1889, yau kuwa masu ita sun kai tamanin.

A CIKIN GONA

Ta ɗauke mu a mota zuwa gangaren. Itacen inabin gajere ne, bai wuce ƙugun mutum ba, an ɗaure rassansa ga waya. Tsakanin kowane gindi da ɗan'uwansa taki guda ne mai kyau, har hekta ɗaya ta kan ɗauki gindi 10,000. Iri biyu ne aka fi shukawa, baƙi mai suna Pinot Noir da fari mai suna Chardonnay. In an dasa sabo sai shekara ta uku ya ke fara ba da abin kirki, ya kan kuwa yi shekara hamsin ko fiye yana haihuwa. Da damina da rani babu hutu. Cikin tsananin sanyi a ke datse rassa, gindi-gindi da hannu, ana tura wata baro da aka yi da tsohon duro ana ƙona rassan a ciki, ana kuma jin ɗumi.

Muka tsaya a wata 'yar hanya wadda amalanke guda kaɗai zai bi. Ta ce mu dubi sama da hanyar, mu dubi ƙasa da ita. Ni dai ban ga bambanci ba. Sai ta sunkuya ta ɗebo ƙasa daga kowane gefe: ta sama ja-ja ce, cike da tsakuwar farin dutse, ruwa ba ya kwanta mata, ta ƙasa kuwa ta fi laka da nauyi. Ta tsinko mini 'yan nonnan inabin da masu girbi suka bari, na ɗanɗana na nan da na can. Gaskiya na sama ya fi kaurin fata da ɗan ɗaci-ɗaci a bayan zaƙinsa, amma da ba a faɗa mini ba, da wuya in lura. Duk da haka doka ta raba su. Tun daga 1935 Faransa ta kafa dokar da ta tsare sunayen gonakin inabi, a Bourgogne kuwa daraja hawa huɗu ce: na lardi, na ƙauye, na daraja ta ɗaya, sa'an nan na ƙoli, waɗanda su 33 ne kacal, abin da su ke bayarwa kuma bai wuce kashi biyu cikin ɗari na amfanin lardin ba. Taki biyar tsakanin layi da layi ya kan ninka kuɗin kwalba sau uku ko fiye.

Dattijon bai ce kome ba sai da muka zo kan wani tsohon gindi. Ya tona gindin da yatsa, ya nuna mini wani ƙulli dab da ƙasa. Na ce ai wannan aure ne, irin wanda a ke yi wa mangwaro da lemo. Ya yi murna ƙwarai da na gane. Ya ce duk itacen da na ke gani a gangaren nan mai aure ne, samansa Bafaranshe, saiwarsa Ba'amurkiya.

Labarin kuwa shi ne, wajen 1863 aka fara ganin inabi yana bushewa a kudancin Faransa ba a san dalili ba. A 1868 wani masanin tsirrai na Montpellier, Jules-Émile Planchon, ya tono saiwa ya ga wani ɗan mitsitsin ƙwaro rawaya yana tsotsonta. Sunansa filoksera, ya shigo ne daga Amurka a jikin dashen da aka kawo cikin jiragen ruwa. Ya iso gangaren nan a 1878. An gwada magani iri-iri, har da ɗura guba cikin ƙasa da cika gona da ruwa, duk bai tsai da annobar ba. Tsakanin 1875 da 1889 abin da Faransa ke samu ya faɗi bai kai sulusin na da ba, ƙauyuka suka watse. Daga baya aka lura inabin Amurka ya saba da ƙwaron, saiwarsa ba ta mutuwa, sai aka shiga aura masa reshen na gida. Manoman Bourgogne sun daɗe suna ƙi, suna ganin za a ɓata musu iri, ba a halatta abin a lardin ba sai 1887. Ƙwaron yana nan cikin ƙasa har gobe, ba a kashe shi ba, an dai hana shi abinci ne.

ƊAKIN ƘARƘASHIN ƘASA

Da muka komo gida aka buɗe wata ƙaramar ƙofa, muka gangara matakala ta dutse, kowa yana sunkuyad da kai. Ɗaki ne mai baka kamar na soron gargajiya, da sanyi da danshi, bango duk ya yi baƙin fumfuna. Ga gangunan katako a jere, kowace tana cin lita 228, watau galan 50, ko kwalba wajen 300. An rubuta wa kowace sunan yankin da ta fito da alli. Ba a gauraya na wannan yanki da na wancan, ko da ganga guda ce tak.

Yadda a ke yin abin ba wuya wajen faɗa. A kan zuba inabin cikin babban mazubi, sai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, irin waɗanda ke sa ƙullu ya tashi, su cinye zaƙin su mai da shi barasa. Louis Pasteur ne ya tabbatad da haka tun wajen 1857, shi ne kuma ya nuna in aka ɗumama abin sha zuwa wani ma'auni ƙwayoyin nan sun mutu. Bayan haka a matse, a zuba a ganga, a bar shi shekara guda zuwa ɗaya da rabi. Katako yana shan kaɗan, iska tana ɗaukar kaɗan, don haka kullum sai an bi ana cikawa, in ba haka ba ya lalace.

Nan aka yi ɗanɗanon. Matar ta zira wani dogon bututun gilashi ta bakin ganga, ta ɗiga wa kowa ɗan kaɗan a gindin tambulan. Ni kuwa ta riga ta tanadar mini kwalbar ruwan inabi tsantsa wanda aka ɗumama bisa dabarar Pasteur, bai taɓa tashi ba, ta miƙo mini ba tare da wani dogon zance ba. Na ga mutuncinta a nan. Na koma gefe ina kurɓa ina kallo. Su kan ɗaga tambulan su duba launi, su juya shi, su sa hanci, su kurɓa su kurkure baki, sa'an nan su tofar cikin wani bokiti. Abin da ya rage a tambulan kuma a mai da shi ganga. An fara daga na lardi aka hau har na ƙoli. Baturen Ingilishin nan ya yi ta zuba, wai yana jin ƙanshin 'ya'yan itace kaza da jiƙaƙƙen ganye da fatar sirdi. A raina na ce rabin wannan ɓaɓatu ne. Amma da abokina ya ɓoye tambula biyu a bayansa ya miƙa wa dattijon, sai ya sunsuna kawai ya faɗi yankin kowanne, bai kuskure ba. Wanda ya taɓa ganin tsohon Bagonje yana tantance goro ba zai yi gardamar irin wannan sani ba.

ZANCEN DA YA FI NAUYI

Bayan Ingilishin sun sayi kwalabensu sun tafi, aka shigad da mu ɗakin cin abinci, aka kawo burodi da cuku. Na tambayi matar abin da ya fi hana ta barci. Na zaci za ta ce sanyi, domin ta riga ta ba mu labarin daren 6 zuwa 8 ga Afrilu 2021, lokacin da inabi ya riga ya yi toho sai raɓa ta daskare a kansa. Ta ce sun kwana uku suna kunna manyan kyandirori cikin gwangwani tsakanin layuka, gangaren duka ya zama kamar an zuba taurari a ƙasa, amma duk da haka fiye da rabin farin inabinsu ya tafi. Kafin wannan kuma ƙanƙara ta yi wa ƙauyukan Volnay da Pommard ɓarna shekara uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. Ta ce wannan duka manomi ya saba, shekara mai kyau ta kan rufe mummuna. Abin da ke hana ta barci shi ne tsadar gonarsu.

Na ce ashe akwai manomin da ke kuka don gonarsa ta yi daraja? Sai ta ɗauko fensir. A Faransa hekta guda ta gonar alkama wajen Yuro 6,000 ce. Amma a 2020 matsakaicin kuɗin hekta guda ta inabi mai darajar ƙoli a gangaren nan ya haura Yuro miliyan 6, watau ninki dubu. Suna da wani tsohon ma'auni, ouvrée, gwargwadon abin da mutum guda zai nome a yini, 24 ke yin hekta. Bai kai fuloti mai ƙafa 50 da 100 ba, abin da ya ke bayarwa a shekara kuma ba ya cika ganga guda, amma kuɗinsa ya wuce Yuro 250,000. Masu saye ba manoma ba ne, attajiran duniya ne da manyan kamfanoni, waɗanda ba su damu da ko gonar za ta mai da kuɗinta ba. A 2014 kamfanin LVMH ya sayi Clos des Lambrays. A 2017 gidan attajirin nan François Pinault ya sayi Clos de Tart, hekta bakwai da rabi, daga iyalin da ke riƙe da ita tun 1932, jaridu kuwa suka ce kuɗin ya wuce Yuro miliyan 200. A shekarar nan dai Stan Kroenke, Ba'amurken da ke da ƙungiyar ƙwallo ta Arsenal, ya sayi mafi yawan gonar Bonneau du Martray, wadda ta yi kusan shekara 200 a hannun zuriya ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ran da maigida ya rasu, gwamnati za ta kimanta gona bisa kuɗin kasuwa na ranar, ba bisa abin da ta ke bayarwa ba. Kowane ɗa an yafe masa Yuro 100,000 na farko, daga nan haraji ya fara hawa daga kashi 5 cikin ɗari har ya kai 45.  Gaskiya ne doka ta yi rangwame mai yawa ga gonar da aka ba da hayarta na dogon lokaci, ko aka haɗa ta cikin kamfanin iyali, a 2025 ma an ƙara faɗaɗa rangwamen bayan kukan manoma. Shi ya sa duk mai hankali a lardin ya kan fara miƙa wa 'ya'yansa gona kaɗan-kaɗan tun yana da rai, da shawarar lauyan da ke rubuta takardun filaye.

Amma ko an kau da haraji, saura 'yan'uwan nan biyu na birni. Kowannensu yana da sulusi kamar yadda ta ke da shi. Ita ke noma, tana biyansu kuɗin haya kowace shekara, kuɗin kuwa bai taka kara ya karya ba in an gwada da abin da za su samu ran da aka sayar. Ba ta da abin da za ta sayi rabonsu, banki kuma ba zai ba ta bashin da gonar ba za ta iya biya ba. Ta ce ba ta ganin laifinsu. Wanta yana da 'ya'ya uku, yana zaune gidan haya, alhali a takarda shi mai miliyoyi ne. Ni ma da na auna ban ga wanda zan ba rashin gaskiya ba. Dokar 1804 ta yi adalci tsakanin 'ya'ya, ba a kuwa yi ta da tunanin ranar da layi goma sha biyu na inabi zai fi gidan bene tsada ba.

Duk wannan magana dattijon yana zaune yana jin mu. Can sai ya tashi ya buɗe kabad, ya ɗauko waɗansu littattafai masu baƙin bango, irin na ajiyar lissafi. Na kakansa ne, da na ubansa, da nasa. Kowace shekara an rubuta ranar da inabi ya yi fure, da ranar da aka fara girbi, da yawan gangunan da kowane yanki ya bayar, da ladan 'yan ƙodago. Akwai shafukan da rubutun ya sāke hannu, ya ce na kakarsa ne, lokacin da maza suka tafi yaƙin 1914. Wannan ɗabi'a ta rubutu ba ta gidansu kaɗai ba ce. Garin Beaune yana da lissafin ranakun girbi tun daga 1354, da masana suka bi shi suka buga sakamakon a 2019, sun tarar daga 1988 zuwa yanzu girbi ya matso gaba da kwana 13 bisa abin da aka saba cikin shekaru ɗari shida da suka wuce, saboda ƙaruwar zafi. Ya nuna mini da yatsa: a littafin ubansa ƙarshen Satumba a ke fara tsinka, wani lokaci har Oktoba, a nasa kuwa akwai shekarun da aka fara cikin Agusta.

Ya buɗe shafi na ƙarshe, na 2023, na ga rubutun ba nasa ba ne, na 'yar ne. Na tambaye shi wa zai karɓa bayanta. Ya ce tana da yaro ɗan shekara goma sha huɗu wanda ya iya tuƙa tarakta, amma bai faɗi ra'ayinsa ba tukuna, su ma ba su tambaye shi ba.

Da la'asar suka raka mu bakin mota. Matar ta sa mini kwalba biyu na ruwan inabin nan mara tashi a jaka, ta ƙi karɓar kuɗi. Ta ce cikin Disamba, in 'yan'uwanta sun zo hutun Kirsimeti, su uku da Baba za su zauna gaban lauya. Wani dillali ya riga ya rubuto musu takarda sau biyu a kan gutsuren nan na sama da hanya, takardun suna cikin kabad tare da littattafan, ba a amsa ba.